Kalangun da Labaran ya wanke

Labaran ɗan gidan 'yan goro ne a Djougou, amma tun yana saurayi ya raina sana'ar. Cewa yake shi ba a haife shi don yayyafa wa goro ruwa ba. Sai ya tattara ya koma Parakou, ya kama ɗaki a unguwar Banikanni tsakanin mai walda da mai gyaran babura, ya manna kwalayen ƙwai a bango, ya ce ya buɗe situdiyo.

Jarinsa duka wata manhaja ce mai araha a tsohuwar kwamfutarsa, irin wadda ake zuba wa waƙa bayan an gama ɗauka, ta daidaita sauti ta ƙara masa ƙarfi. Bai taɓa damuwa ya san me take yi wa waƙar ba, shi dai dannawa yake. Amma ko gaishe shi ka yi sai ya jawo maka zancen lojisiyel ɗinsa, kamar yadda yake kiran manhajar da Faransanci. A wurinsa masu manyan na'urori a Cotonou wawaye ne, makaɗan gargajiya kuwa 'yan hayaniya.

Yayansa Abdulnasir, wanda aka bar wa shagon gida shi kaɗai, ya gaji. Da ya ji mahautan Parakou sun ba Labaran aikin waƙar taronsu na bayan Sallah, sai ya kira shi a waya.

"Ƙanena, in mahautan nan sun karɓi waƙarka, ka yi zamanka, ba zan ƙara magana ba. In sun ƙi, ka dawo shago."

Labaran ya yi dariya, ya ce ya yarda.

Su mahauta kowane yana da takensa a kalangu. In makaɗi ya matse ganga ta kira taken mutum, sai ya miƙe ya yi jinjina, jama'a su ɗauki guɗa. Makaɗinsu Baba Audi ya tsufa, ba ya iya tsayuwar taro, shi ya sa suka ce a ɗauki kiɗan a na'ura. Tsohon ya zo ya kaɗa taken kowa, Labaran na gefe yana yatsina fuska.

Da ya tafi, Labaran ya ɗora mawaƙi da kiɗan kwamfuta a kai, ya danna maɓallin share hayaniya, ya bi da na sauti irin na gidan rawa. Manhajar ta ɗauki lanƙwasar muryar kalangu a matsayin datti, ta danne ta ƙasa, ta cika wurin da dum-dum. Labaran ya saurara ya ce yanzu ne ta zama waƙa. Baba Audi ya aiko yana son ya ji kafin ranar, Labaran ya ce kunnen tsoho ba zai gane aikin zamani ba.

Ranar taro a unguwar Ganou, Labaran ya zo cikin baƙin tabarau ya kunna waƙar. Ƙarfi kam akwai, har kwanonin abinci suna rawa. Mahauta suka zauna kowa ya kasa kunne yana jiran a kira shi. Waƙa ta yi nisa, ba wanda ya motsa. Ta ƙare, suna zaune.

Sarkin fawa ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Yaro, ina ka kai gangar Audi?"

Labaran ya fara bayanin yadda ya wanke sautin. Ba a bari ya kai ƙarshe ba. Aka tura mota ta ɗauko Baba Audi, aka ajiye masa kujera, ya kaɗa a zaune gwargwadon ƙarfinsa.

Kafin la'asar labari ya isa Djougou, don masu kai shanu ba sa riƙe zance. Yanzu Labaran yana shagon yayansa, kwamfutar na ƙarƙashin teburi. Duk wanda ya tsaya sayen goro sai ya gaya masa mahautan Parakou ba su da kunne.