Ranar da Mai Raɗa Ta Rufe Littafi

Shekara uku cur ta yi a sashen koyon wasan kwaikwayo na kwalejin, amma babu ɗan kallo ko ɗaya da ya taɓa ganin fuskarta. Wurinta bayan labule ne, kan wata 'yar kujerar katako mai gurguwar ƙafa, littafin wasa a cinya, tocila a hannu. Duk wanda ya manta maganarsa a kan dandamali sai ya ɗan karkato kai hagu, ita kuma ta raɗa masa. Har sunanta ya ɓace a ajin, kowa sai Mai Raɗa.

Kaifin ƙwaƙwalwa ne ya ja mata. A shagon ɗinkin mahaifiyarta ta tashi, inda Umma ba ta rubuta awon kowa, sai dai ta faɗa da ƙarfi yarinyar ta riƙe. Mace za ta dawo bayan shekara biyu, yarinyar ta zayyano mata kafaɗa da ƙugu da tsawon hannu. Makonta na farko a kwaleji ta haddace wasa guda sukutum, nata da na kowa. Malam ya ce, "Madalla, ke za ki riƙe mana littafi wannan zangon." Zango ɗaya fa aka ce! Shi ne ya haihu har ya yi jikoki.

Umma kuwa tun ranar da aka ɗauki 'yarta ta ɗinka mata shuɗiyar doguwar riga, wai ta fitowarta ta farko. Rigar na nan rataye a ƙusa bayan keken ɗinki, cikin leda. Duk ƙarshen zango sai Umma ta tambaya, "Wannan karon in goge ta?" Ita kuma ta ce, "Tukuna, Umma." Wannan tukunan ya fi komai ci mata rai.

A shekarar ƙarshe doka ɗaya ce: wanda bai tsaya gaban masu jarrabawa da za su zo daga waje ya yi magana mai kauri ba, babu shi babu takardar gamawa, sai ya maimaita shekara. Dole Malam ya ba ta matsayi. Labarin wani mutum ne da ya dawo gida da akwatinsa bayan shekara ashirin, ita ce yayarsa da ta yi jinyar mahaifinsu har ya rasu. Tana da shafi guda nata na kanta, na arba'in da ɗaya, inda yayar take amayar masa da duk abin da ta haɗiye.

Wata safiya ta buɗe littafi a wurin gwaji, ta tarar an ja wa shafin nan jan layi daga sama har ƙasa. Layi biyu kacal aka bar mata.

Ashe Ɗan Gayu ne, shugaban ajin, jarumin kowane wasa har da wannan, mutumin da ya fi daɗewa gaban madubi a kan gaban littafi. Shi ya kwashi 'yan aji suka same Malam ta bayan idonta, wai in ta daɗe a dandamali wa zai raɗa musu? Malam kuma, da ba ya son hayaniya, ya ce in aji ya yarda shi ke nan.

"Haba 'yar'uwa," in ji Ɗan Gayu yana gyara kwalar riga, "ki fito ki yi layi biyunki ki koma kujerarki. Ai masu jarrabawar ba za su ƙi ba ki makin wucewa ba. Taimakon juna ne."

Taimakon juna! Shekara uku tana cusa masa magana a baki kamar jariri, ana tafa masa, ko sannu bai taɓa ce mata ba. Ta cika ta yi fam. Ta koma kujerarta, ta jira aka fara gwaji, sannan ta rufe littafin ta kashe tocila.

Ba a yi minti uku ba Ɗan Gayu ya karkato kai hagu. Shiru. Ya yi tari, ya ƙara karkatowa. Auta, 'yar ƙaramar ajin da ke fitowa a matsayin maƙwabciya, ta so ta cece shi, ita ma nata ya tsere. Mutum goma sha ɗaya suka yi cirko-cirko suna zazzare ido.

Sai ga ta ta fito daga bayan labule, kujerar a hannu.

"Kunya ba ta kama ku ba? Shekara uku! Wallahi ko aku aka ajiye a ɗakin nan da yanzu ya fi ku. Ku ba ku haddace naku ba, shi ne za ku yanke nawa? Ni zan maimaita shekara don ku ci gaba da barci? To kujerar nan ta gama aiki."

Malam ya cire tabarau ya goge, ya sha jinin jikinsa. "Saura mako biyar," ya ce. "In babu mai raɗa, wa zai tsaya musu?"

"Ni, Malam. Amma a mayar min da shafina, kuma abin da na ce shi za a yi."

Ta kai kujerar ɗakin ajiyar kaya, ta kulle, ta jefa makullin a jaka.

Daga ranar suka ga tashin hankali. Ƙarfe bakwai na safe kowa ya hallara. Dokarta kuma ita ce babu mai haddace nasa kaɗai, kowa sai ya san wasan daga farko har ƙarshe, har Mai Fitila da ke can sama yana kunna wuta da kashewa. Kullum sai ta juya su, yau kai ne uba, gobe kai ne maƙwabciya. Suka tsane ta, suna kiranta Soja a bayan ido, tana ji ta yi kunnen uwar shegu. Auta ta yi kuka sau biyu. Amma a mako na uku, in Malam ya ba da umarni, Mai Raɗa suke fara kallo kafin su motsa.

Ɗan Gayu ne kaɗai yake zuwa a makare yana hura hanci. Ta gargaɗe shi ya fi a ƙirga: "Sau biyu kake taɓa akwatin nan. Na farko ajiyewa kake yi, na biyu ne kake ɗauka ka fita. Ka kiyaye." Ya ce shi ba yau ya fara wasa ba.

Ranar jarrabawa da la'asar zauren ya cika. Masu jarrabawa uku na layin gaba da biro a hannu. Umma na layi na huɗu, ta rufe shago tun azahar. Shuɗiyar rigar kuwa sai da aka ɗan buɗa ta a kafaɗa kafin ta shiga jikin Mai Raɗa.

Komai na tafiya daidai har shafi na talatin da takwas. Nan Ɗan Gayu ya kai hannu kan akwatin, kansa ya ɗauke. Ya karkato hagu, babu kowa sai labule. Sai kawai ya sunkuci akwatin, ya faɗi maganarsa ta ƙarshe, ya nufi ƙofa. Ya tsallake shafi shida, nata a ciki. In ya fita Mai Fitila ya kashe wuta, wasa ya ƙare ke nan, ita ma ta ƙare.

Ta tsaya a tsakiyar dandamali. Ko ta buɗe baki ba ta da ta inda za ta shiga.

Wutar ba ta mutu ba. Mai Fitila ya san ba nan ne ƙarshe ba, ya ƙi taɓa komai. Auta kuwa, mai kukan nan, ta sha gaban Ɗan Gayu, ta fizge akwatin ta zauna a kai daram, ta ɗauko maganar da ba tata ba ce, ta shafi na arba'in: "Ina za ka? Ba ka ji ta bakin yayarka ba."

Duk suka juyo suna kallon Mai Raɗa.

Ta yi shafinta, kuma ba da raɗa ba. Haushin shekara uku ta juye masa, har Ɗan Gayu ya ja da baya da gaske. Ɗaya daga cikin masu jarrabawar ya ajiye bironsa.

Bayan an tashi 'yan ajin suka yanyame ta suna tambayarta ƙarfe nawa za a kwashe kayan wasan gobe. Ta ture su ta isa wurin Umma. Umma ta kama kafaɗar rigar tana duba ɗinkin, idonta ya yi ja.

"Ashe haka muryarki take?" ta ce. "Ni da na haife ki, yau na fara ji."