Cikon Benci

Tsoron ya kama ni ne a ofishin sakatariyar sashenmu. Ta karɓi takarduna na neman gurbin malami, ko ambulan ba ta buɗe ba, ta leƙa ƙofar shugaban sashe ta ce, "Ranka ya daɗe, an samu ta biyu. Saura Dakta ya kawo nasa mu cika."

Na ce, "A cika me, Anti?"

"Ke 'yar nan! Ai doka ce, ba a ɗaukar malami sai an yi wa mutum uku intabiyu. Mai kujera an san shi, ɗalibin shugaba ne. Ke da Dakta 'yan rakiya ne."

Dakta shi ya duba aikina na digiri na biyu. Shekara goma sha ɗaya yana koyarwa da kwangilar zango-zango. Ba shi da ofis, sai wani tebur a ɗakin fotokwafi. Ajin ƙarfe bakwai na safe, mai ɗalibai ɗari huɗu da kowa ke gudu, nasa ne. Sau biyar ana tallata gurbi, sau biyar shugaba na dafa kafaɗarsa yana cewa, "Bana taka ce." Malamai na kiransa Cikon Benci a gaban idonsa, yana amsawa.

Tallar bana ta ce kada mai nema ya haura shekara arba'in da biyar. Saura masa wata biyu ya haura.

Na same shi yana makin jarrabawa, na faɗa masa abin da na ji.

"Na sani tun karo na biyu," ya ce, bai ɗago ba.

"To Malam, don me kake zuwa?"

"In ban zo ba ukun ba ta cika, in ba ta cika ba kwangilata ta tafi. Kuma wata rana mai kujerar zai iya fasawa. Ki zo da kwafi shida na takardunki, kullum sai sun ɓatar da ɗaya."

Ranar intabiyu ya zo da kwat ɗin da matarsa ta goge, da biron da autarsa ta saƙala masa a aljihu don sa'a. Shi aka sa ya jera wa kwamitin kujeru. Ɗalibin shugaba ya yi minti arba'in a ciki, ni goma. Dakta shida. Ta ƙofa na ji wani ɗan kwamitin, wanda Dakta ya koyar a ajin farko, yana tambaya, "Dakta, a ganinka me ya hana ka samun aiki har yanzu?" Aka kwashe da dariya. Na ji har da tasa.

Bayan mako guda ɗalibin shugaba ya samu gurbin bincike a wata jami'a, ya fasa. Dakta ya shigo ɗakin fotokwafi yana raba wa kowa alewa.

Da rana sakatariya ta ja ni gefe. "Shugaba ya ce ko a ba ki, ko a sake talla bayan wata uku. Kada ki faɗa wa bawan Allahn nan, ajin safe na buƙatarsa."

Ban faɗa masa ba. Ina son aikin. Kullum da safe muna haɗuwa a gaban allon sanarwa don duba sunan wanda aka ɗauka, ya ce, "Ɗalibata, an kafe?"

Yau kwana goma sha tara. Ba a kafe ba.