Maganin Da Yaya Habu Ya Raba Uku

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar yayana Habu. Ranar Talata ce, bayan la'asar, a bayan wata a-kori-kura da ta tsaya inda ambaliya ta yanke hanya tsakanin ƙauyenmu na yankin Baturiya da Hadejia. Mu uku ne a kansa: ni, da matarsa Azumi, da direban. Tun hantsi yake aman jini.

Masunci ne. Ya fi shekara goma yana fama da gyambon ciki, kuma duk wanda ya gan shi sai ya zama likita. Wannan ya ce yunwa ce, wancan ya ce tunani ne. Aka hana shi yaji, aka hana shi tsami, aka ɗora shi kan jiƙon kanwa da farin maganin nan na kwalba. Ya sha, ya samu sa'ida, bayan mako biyu ciwon ya dawo.

Wata ma'aikaciyar jinya a Hadejia, Sista Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, ita ce ta fara gaya masa cewa ƙwayar cuta ce ke zaune a tumbinsa, kuma ana iya kashe ta. Ta kai shi gaban likita, aka rubuta masa magani iri uku, safe da yamma, kwana goma sha huɗu. Ina tsaye ta ce masa, “Baba, ko ka ji ka warke, kada ka tsaya. Sai ka shanye duka.”

A kwana na biyar ya ci tuwo da miya mai yaji, bai ji komai ba. Washegari a bakin kogi ya tarar da abokan sana'arsa biyu, Bukar da Sale, waɗanda ke da irin ciwonsa. Masunta suna da ƙa'ida: abin da ya shigo kwalekwale na kowa ne. Ya zazzage sauran ƙwayoyin a kan tabarma ya kasa uku, kamar yadda suke kasa kifi. Bukar har yana tsokanarsa, wai likitan bakin ruwa ya buɗe asibiti.

Ina wurin. Na ji abin da Sista ta faɗa da kunnena, na kuma fi shi karatun boko. Amma ƙane ba ya gyara wa yayansa magana a gaban mutane, sai na yi shiru. Wata bakwai bayan nan ciwon ya dawo, ya fi na da. Kunyar komawa wurin Sista ta hana shi zuwa, ya koma kan kanwa.

A zaman makoki kowa ya yabi kyautarsa, ana ta cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Babu wanda ya ce rabon nan ne ya kai shi kabari. Wannan yabon har yau yana ƙona mini rai.

Da Yaya zai dawo ya ga yau, da ya tarar ana gwajin wannan cuta a Hadejia cikin sauƙi. Da kuma ya tarar da mai kemis yana ɓallo wa mutum ƙwaya huɗu a ƙullin leda, da mai lasifika a kasuwar Malam Madori yana rantsuwa cewa garin maganinsa na warkar da olsa a kwana uku. Ilimin ya iso, halinmu yana nan inda yake. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda ya sani ya kame baki ya fi laifi, kuma ni ne shaida.

Hannunsa a buɗe yake, 'ya'yansa sun gaje shi, ina alfahari da hakan. Abu guda nake hana su rabawa, kuma ba na jin kunyar faɗa ko a gaban wa. Allah Ya jiƙansa.

Bayan sadakar bakwai Bukar ya je wurin Sista Rifkatu, aka rubuta masa magani, ya sha nasa kwana goma sha huɗu cif. Yana nan da ransa a Kafin Hausa, bara ya yi aikin Hajji.