Tarihin Likita Mai Tabarau da Ƙofar Gilashi

Ana yawan faɗa, har a bakin masu digiri, wai ranar da Likita Mai Tabarau ta kwanta ciwon ajali, ta sa an kashe na'urar da ta ƙirƙira, don ta san ƙarya take yi. An bi diddigin maganar wurin waɗanda suka yi jinyarta.

Haihuwa da Karatu

An haife ta a shekarar 1958, a wani gida da ke bayan tashar jirgin ƙasa, mahaifinta mai gyaran agogo, mahaifiyarta mai ɗinki. Tana tsakiyar karatun likitanci, a 1980, mahaifiyar ta rasu a ɗakin kulawa ta musamman, ita kuwa tana waje, goshi manne da ƙofar gilashi, tana kallon koren layin bugun zuciya a allon inji yana tafiya kamar ruwa, domin ƙa'idar lokacin ta hana dangi shiga sai rai ya zo gargara, ba a kuwa kira ta a kan lokaci ba.

Aure da Aiki

Ta auri wani malamin lissafi a 1986, ta kuma kama aiki a irin ɗakin da mahaifiyarta ta rasu. Shi ne ya riƙa zolayarta, "Ranki ya daɗe, injinanki surutu suke yi dare da rana, ba mai sauraro." Daga 2012 suka duƙufa wajen tattara bayanan majinyata na shekaru, numfashi, hawan jini, zazzaɓi, da duk abin da malaman jinya suka rubuta, har da lokacin shigar baƙi, suka horar da na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta hango taɓarɓarewar jiki tun kafin ido ya gani. Da yawa sun tashi ta dalilin haka.

Shekarar Jarrabawa

A 2017, da ta zama shugabar sashen, ta buɗe wa dangi ƙofa. Nan take na'urar ta fara yi wa kowane gado hasashen mutuwa. Manyan asibitin suka ce a mayar da ƙofa a rufe, tunda ilimi ya yi magana. Ta yi watanni tana bin bayanan, har ta gano cewa a duk tarihin da aka koya wa na'urar, uwa ba ta taɓa zama kusa da ɗanta ba sai yana gab da cikawa. "Ba ciwo ta koya ba," in ji ta, "halinmu ta koya." Aka cire shigar baƙi daga lissafin, aka sake horar da ita, ƙofa ta ci gaba da zama a buɗe.

Rasuwa

Ta rasu a 2024, bayan mijinta da shekara biyu, aka yi mata sutura da yammacin ranar, kusa da kabarinsa. Ta bar 'ya'ya uku: babbar, ungozoma, na tsakiya, matuƙin jirgin sama, da auta, mai sayar da furanni.

Ba a kashe na'urar ba. Na'urar ce ma ta yi gargaɗi da hantsin ranar, likitoci suka yi iya yinsu, rai ya yi halinsa bayan azahar. 'Ya'yan uku suna gefen gadon tun ranar da aka kwantar da ita.