Likkafanin Mshamu

Ga Allah muke, gare Shi za mu koma, har da waɗanda suka ɗauka ofishin jam'iyya ne makomarsu. Ranar Laraba, 14 ga Satumba, 1983, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Mshamu Chilumba, shugaban gida goma na jam'iyya a unguwarmu, mijin ƙanwata Somoe. Zazzaɓi ne na kwana shida. A ɗakin shan magani ba a sami ƙwaya ko ɗaya ba, amma hoton Shugaban Ƙasa na nan a bango, an goge shi tsaf.

Mshamu, kai ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Shekarar da mahaifiyarmu ta karye a ƙugu, kai ka ɗora ta a keke, ka tura ta da ƙafa har asibitin garin Lindi, ka dawo tafin ƙafarka duk jini. Ba ka taɓa cin kwabon kowa ba. Tuwon rogonka kuwa, ko mahaukaci ya zo wucewa sai ka ce ya wanke hannu. Ciwonka ɗaya ne, rediyo. Abin da Shugaban Ƙasa ya faɗa da safe, kafin la'asar ya zama aya a bakinka.

Aka ce a tashi daga gonaki a tare a ƙauye guda, kai ka fara kwance rufin ɗakinka. Muka bar itatuwan kashu na kakanninmu can tafiyar awa uku, ciyawa ta cinye su. Aka ce ɗan kasuwa kaska ne mai shan jinin talaka, gwamnati za ta sayar da komai a farashin da ta yanka. Farashin ya yi kyau, wallahi, a takarda. Sabulu ya ɓace, sukari ya ɓace, matanmu suka koma wanki da ganyen gwanda. Mutumin da bai taɓa sayar da ko allura ba ya zauna ya tsara wa ƙasa guda kasuwa, ku kuwa kuna tafi.

Ka san al'adar tsofaffinmu. In kashu ya yi albarka, mutum ya sayi likkafaninsa tun da ransa, ya kawo mini ajiya a kantina, don ni kaɗai ke da akwatin ƙarfe da gara ba ta ci. Kowanne da sunan mai shi a cikin ninki. Guda ashirin da uku ne a ciki ranar da aka fara farautar masu ɓoye kaya, ka shigo mini da 'yan sintiri.

"Yaya Bakari, buɗe akwatin nan."

"Mshamu, ka san abin da ke ciki. Kayan tafiya lahira ne."

"Yadi ne ka ɓoye wa jama'a."

"Jama'ar ce ai ta ba ni ajiya, sakarai!"

Ko guda ba ka warware ba. Da ka warware, na huɗu daga sama sunanka ne a ciki. Somoe ta saya maka a ɓoye, don kai ka ce wannan al'adar mutanen da ce, a sabuwar ƙasa ba wanda zai rasa tufa. Da hannunka ka ɗora shi a mota. Ni na yi kwana arba'in a tsare, yadin kuwa har yau ba wanda ya san inda ya sauka. Tsofaffi bakwai suka rasu bayan nan, duka cikin tsummokaran zanen gado muka kai su, kana sahun gaba kana sunkuyar da kai.

Da naka ajalin ya zo, aka je kantin ƙauye, ba yadi. Aka tura mutum Lindi, ba yadi. Gawarka na kwance, rana na yi, liman na jira. Sai ga Somoe. Ita kaɗai ta san na binne nawa likkafanin cikin gwangwani a tsohuwar gonarmu.

Ta durƙusa ta kama ƙafata. "Yaya, don Allah, don darajar Inna. Kar a kai shi tsirara."

Na ce, "Je ki ofishin jam'iyya, su yanka miki farashi."

Haka na ce mata, ba zan ɓoye ba. A lokacin har daɗi na ji. Mata suka farke buhunan garin agaji guda biyar, suka wanke, suka ɗinka. Rubutun bai fita ba. Mun sa ka a kabari da sunan wata ƙasar Turawa a ƙirjinka da nauyin buhu a cinyarka, kai da ka shekara goma sha biyar kana yi mana wa'azin dogaro da kai. Wani a bayana ya yi dariya, ban hana shi ba.

Allah ya jiƙanka, Mshamu. Allah ya dubi tafiyar nan da ka yi da Inna, ya yafe maka sauran. Ya sa kabari ya yi maka faɗi, ya yi maka sutura da abin da ya fi wanda muka hana juna. Wanda ya jefa mu cikin wannan hali kuwa, na bar shi da Allah, shi dai ba zai rasa yadi ba. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanka, Mwanaidi da Issa, da dangin Chilumba baki ɗaya. Allah ya ba su haƙuri.

Ga Somoe kuma, a takarda zan yi, don ta hana ni shiga gidan. Ranar sadakar bakwai na tono gwangwanin, na aika mata da likkafanin, na ce ta ajiye, nata ne duk ranar da Allah ya yi. Kafin in gama alwala an dawo mini da shi, ko ninkin ba a taɓa ba. Ta ce a gaya wa Bakari ya riƙe kayansa, ita a buhu za a kai ta, kamar mijinta.