Bijimin da Bai Soki Baffa Ba

Ranar wata Litinin da hantsi, cikin kakar shekarar da aka ce motoci su koma bin hannun dama, aka ɗora ni a kan buhunan gyaɗa a bayan wata tsohuwar akori-kura da ta taso daga Ajingi za ta Gaya. Ina sanye da rigar sallar bara, wadda ta fara gaisawa da cibiyata, kaina kuwa ya sha aski har yana ƙyalli. A damana mahaifina ne, wanda muke kira Baffa, cikin kakinsa na soja da Inna ta goge da dutsen guga mai gawayi, ya miƙe ƙafar hagu domin ba ta lanƙwasuwa. A haguna Baba Modu mai banda ne, yana ƙamshin hayaƙi da kifi, yana ɓare goro yana ci shi kaɗai da gangan. Direbanmu da ya hango mota tafe sai ya rage gudu ya shiga tunanin wane hannu ma gwamnati ta ce, fasinjoji su ɗau salati. Ni ko a jikina. Murna ce ta cika ni har ina jin kamar in dira in riga motar isa, domin a ranar za mu je a cire bijimi daga cikin takardar ubana.

Dole in yi bayani, kuma na cancanta, domin ni mutum ne da ya yi zurfi a boko har aji huɗu kafin boko ya ga ba zai iya da ni ba. Mu Fulanin gida ne, a wani ƙauye gefen Toranke. Shanunmu sun ƙare tun zamanin kakana, saura 'yan ƙwarori da ake kallo don tuna asali, sai noman gero da dawa da gyaɗa. Baba Modu kuwa Babarbare ne da aka haifa a Ajingi. Kowa ya san tsakanin Fulani da Barebari: kowanne na rantsuwa ɗayan bawansa ne, kuma duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya, komai ɗacinsa, ba a fushi, sai dai a rama. Shi da Baffa rana ɗaya suka shiga soja lokacin yaƙin basasa, aka kai su kudu tare, aka kuma kwantar da su a asibitin soja ɗaya, gado na kallon gado.

A nan ne abin ya lalace. Wani akawu, mutumin kudu wanda Hausarsa ba ta wuce ta sayen tsire ba, ya zo yana bin gadaje yana tambayar kowa yadda ya samu rauni. Da ya zo kan Baffa, sai ya tarar da mutum cinya a naɗe, zazzaɓi na kaɗa shi, ga kuma fulako, wato kunyar nan tamu da ke hana mutum ya ce wani abu na yi masa ciwo. Aka tambaya, ya ce ba komai. Aka sake tambaya, ya ce da sauƙi. Sai Baba Modu ya ɗago kai daga gadonsa, fuska a murtuke kamar liman, ya ce, "Oga, Bafulatani ne. Bijimin mutane ya gani a daji ya bi shi da igiya, shi kuma ya soke shi." 'Yan Arewan da ke ɗakin suka kwashe da dariya har masu ɗinki na riƙe ciki. Akawu bai yi dariya ba. Ya rubuta.

Baffa bai san an rubuta ba sai da ya dawo gida. Ya kai wa hedimastanmu takardar sallamarsa a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, lokacin da majalisa ta cika, ya ce a karanta wa jama'a su ji. Hedimasta ya gyara tabarau, ya fassara tiryan-tiryan: rauni a cinyar hagu, ba a fagen fama ba, dabba ce. Da wannan layin guda aka hana shi abin da ake ba waɗanda suka ji ciwo a bakin daga, aka kuma ba garinmu abin dariya na shekaru. Baffa ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu, ya ja ƙafarsa ya nufi gida.

Shi ya iya shiru, ni ne na sha wuya. Ƙafar ba ta barinsa ya yi huɗa, don haka kafin in tafi makaranta sai na ɗebo ruwa a rijiyar bakin tsamiya, na ba awaki harawa, na share turke, in damina ce kuma in bi ƙanin Inna gona da 'yar fartanyata. Wannan duk bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne filin makaranta. A lokacin babu wasan da ya kai na soja farin jini. Mun bar langa, mun bar 'yar ɓuya, kowa ya yanko karan dawa ya yi bindiga, a shafa toka a fuska, a kwanta a bayan kunyoyin gonar makaranta ana harbi da baki. Ana raba muƙamai, har ɗan mahauci da ko maɓallin kakin soja bai taɓa gani ba sai ya zama manjo. Ni kuwa, ni kaɗai da ubana ya je yaƙin gaske, kullum matsayina ɗaya: a ɗaura mini ƙaho biyu na kara a ka, a ce in tsaya a bayan dalbejiya, in an busa usur in fito in soki mutum. Na yi dambe a kan wannan har haƙorina na gaba ya tafi, kuma ina shaida wa masu karatu cewa bai dawo daidai ba har yau.

Ana nan sai sanƙira ya bi gari da shela cewa wasu manyan soja za su sauka a Gaya su saurari koken tsofaffin sojoji, wanda aka yi wa kuskure a takarda ya je da shaidar da suka kasance tare. A wancan zamani Ajingi ba ta zama ƙaramar hukuma ba, komai sai an je Gaya. Inna ta bar daka ta tsaya da taɓarya a hannu, ni na yi tsalle na zagaye rumbu. Amma shaida ɗaya ce a duniya, ita ce Baba Modu, Baffa kuma ya ce ko ƙafar za ta guntule ba zai roƙi Babarbare ba. Aka aika wa Baba Modu ta bayan fage, ya aiko da amsa cewa a shirye yake, in dai Baffa zai zo tsakiyar kasuwa ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ubangidana." Kowannensu ya hau dokin naƙi, rana kuma na ta matsowa.

Ni ne na warware wannan rikici, kuma ina so tarihi ya rubuta haka, daidai a wannan karon. Ranar kasuwar Ajingi na tsere daga makaranta da ƙahonina na kara a cikin riga. Na sami Baba Modu ya baje bandarsa, mata sun kewaye shi ana ciniki. Na ɗaura ƙahoni, na shafa toka a fuska, na haye tabarmar, na zauna daram a tsakiyar kifin, na fara kukan bijimi. Duk wadda ta miƙo hannu sai in sunkuyar da kai in kai mata tunkuyi. Kasuwa ta taru. Dukana ba dama, domin ni jikan Fulani ne shi Babarbare, in ya ɗaga hannu ya faɗi wasa a gaban duniya. Ya yi lallashi, ya yi mini tayin kan tarwaɗa mai kitse, na ce bijimi ba ya cin kifi. Rana ta take, ciniki ya tsaya, muryata ta dushe amma ban fasa ba. Can ya tsuguna ya dube ni, ya ga hawaye na bin tokar fuskata, dariyar ta ɗauke masa. Ya ce, "Sauka, ɗan bawana. Ka ce wa gurgun ubanka ya wanke kakinsa."

Haka muka isa Gaya. Aka tara mu a wani babban zaure mai rufin kwano, cike da tsofaffin sojoji, wani ba hannu, wani ido ɗaya, ana ta gaishe-gaishe da sara wa juna. Ban taɓa ganin takalma masu ƙyalli irin na ranar ba. Wani hafsa dogo mai gashin baki yana zaune a bayan tebur, likita na gefensa. Aka kira Baffa, likita ya shiga da shi bayan labule, ya fito ya ce akwai abu mai tauri a cikin naman, amma shi ba zai iya rantsuwa a kan abin da ya sa shi ba. Aka kira shaida. Baba Modu ya ƙame, ya sara, aka tambaye shi me ya sami wannan mutum. Wallahi ina kallon bakinsa yana rawa, hali na jan sa. Ya ce, "Yallaɓai, ai shi bijimin ma ya ji jiki." Zaure ya ɗauki dariya. Hafsa ya ɗaga alƙalami, na ga an sake binne mu a karo na biyu.

Allah ya sa hafsan ɗan ƙasa ne, ya san irin wannan wasa na Fulani da Barebari. Ya ajiye alƙalamin, ya sa aka kawo buta da Alƙur'ani, ya ce shaida ya fita ya yi alwala. Ban taɓa ganin alwala mai tsawo irin wannan ba. Da ya dawo ya ɗora hannu, sai ya zama wani mutum dabam, murya ƙasa-ƙasa, ido a kan siminti. Ya ce a bakin wani kogi ne aka yi musu ruwan wuta. Shi aka fara samu a haƙarƙari, ya faɗi a fili, kowa ya ja da baya. Baffa ya riga ya tsira, yana cikin rami, amma ya fito ya dawo ya saɓa shi a kafaɗa. Suna dab da ramin bam ya fashe a gefensu, ƙarfen ya shiga cinyar Baffa, kuma bai sauke shi ba, da rarrafe ya ƙarasa da shi. Ya ɓalle maɓallin rigarsa ya nuna nasa tabon. Ya ce, "Da ba don wannan Bafulatanin ba, da kifi ne ya ci ni, ba ni nake sayar da shi ba."

Na juya in ga Baffa yana alfahari, sai na gan shi ya ja hula ya rufe fuska, kunya ta kama shi fiye da ranar da aka karanta masa takardar bijimi. Daga ƙarƙashin hular ya ce, "Yallaɓai, ban gane shi ba ne, hayaƙi ya yi yawa." Hafsa ya yi murmushi, ya ja layi a kan tsohon rubutu, ya yi sabo, likita ya sa hannu. Sojojin nan suka miƙe, masu sanda da marasa sanda, suka sara wa ubana. Ni ma na sara, da hannun hagu, ba wanda ya gyara mini. Muna fitowa Baba Modu ya goge ido da hannun riga ya ce abin da ya faɗa a ciki a ciki ya tsaya, a waje bawansa bawansa ne.

Sabuwar takarda ta iso bayan an kai amfanin gona rumbu. Baffa ya so ya ɓoye ta, ni na ɗauke ta na kai wa hedimasta a ƙofar gidan mai unguwa, na tsaya a kansa sai da ya karanta da ƙarfi: rauni a fagen fama, yayin ceton ɗan'uwansa soja. Inna ta dama fura ta raba wa maƙwabta, haƙƙin Baffa ya fara zuwa, muka samu aka ɗauki mai huɗa.

Yanzu hanyar Gaya ta zama ta babur da a-daidaita-sahu, jikokina na zuwa su dawo kafin shayina ya huce. Suna da abokai a waya har ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba, amma in ɗaya ya yi wa ɗaya kalma guda mai kaifi sai a toshe shi, zumunci ya ƙare. Ina kallonsu in tuna waɗancan tsofaffi biyu a kan tabarma ɗaya, suna zagin juna har magariba, ƙwarya ɗaya a tsakaninsu. Baba Modu ne ya riga tafiya. Da muka dawo daga maƙabarta Baffa ya zauna a zaure, ya miƙe ƙafar nan tasa, sannan ya ce, "Yanzu kowa girmama ni zai yi." Bai ƙara wata damina ba. Ni ma ga shi na kai shekarun da kowa ke girmama ni, kuma ban ga daɗinsa ba.