Katangar Malam Tushe

Shekara talatin da biyu Malam Tushe ya yi yana koyar da Turanci a sakandare, kuma babu ɗalibin da ya san sunansa na yanka. Halinsa ne ya jawo masa laƙabin, don ba ya barin kalma ta wuce sai ya tono tushenta. Ka ce masa ina kwana, ya tsayar da kai a rana. Abokan aikinsa in sun hango shi tafe da ƙamus ɗinsa mai yagaggen bango a hammata, nan take kowa ke tuna yana da aji.

Cikin duk kalmomin Turawa, wadda ta shiga ransa ita ce wadda suke kiran gari da ita, wato tawun. Ya gano a ƙamus cewa kakanninsu shinge suke nufi da ita. Daga shinge ta koma gidan gona da aka kewaye, ta koma ƙauye, sannan ta zama gari. Da Malam ya tsaya iya nan, da ba wanda ya cutu. Sai bawan Allah ya mai da abin dokar rayuwa: komai da shinge ake fara shi.

Shekarar da ya yi ritaya, mai gidan da suke haya ya ba su wata shida su tashi, zai mai da wurin shaguna. Malam yana da fili a bakin gari. Matarsa, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana jan tukwane daga wannan gidan haya zuwa wancan, abu ɗaya ta roƙa.

"Malam, ɗaki biyu da kicin sun ishe mu. A fara da su."

Ya kalle ta ta saman tabarau. "Ke ba ki san tarihi ba."

Magini ma ya yi nasa ƙoƙarin. Ya ce in dai katangar za a fara, a bar gaba a buɗe yadda tifa za ta shigo da yashi da bulo. Malam ya zaunar da shi a kan buhun siminti, ya yi masa darasi na minti arba'in cif, kamar yadda ya saba a aji. Magini ya ce to, ya ɗauki cokalinsa na gini.

Katanga kam ta ginu. Doguwa, an yi mata filasta ciki da waje, an jera fasassun kwalabe a samanta. Ƙofa ɗaya tak, 'yar siririya ta ƙarfe, wadda mai ƙiba sai ya karkace zai shige. A cikinta kuwa babu komai sai ciyawa da ƙadangaru.

Da tifa ta zo, a titi ta juye yashin. Ruwan sama ya tafi da rabi, maƙwabta suka taimaka da sauran. Magini ya ce a fasa masa taku huɗu kawai a jikin katangar, cikin wata biyu zai rufa ɗaki. Malam ya ce wanda ya taɓa katangar nan sai sun haɗu a kotu.

Ranar da wa'adi ya cika, aka sauke kayansu a ƙofar filin. Gadon matarsa ya ƙi shiga. Aka juya shi a tsaye, aka juya shi a kwance, ina. Ta zauna a kansa a tsakiyar titi, mutane na wucewa suna kallo, Malam kuma yana yi wa direban motar da ta kwaso kayan bayanin yadda garuruwa suke farawa. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta kira mijin 'yarsu a waya.

"Malam," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "ni na tafi gidan 'yarmu. In ka yi ɗaki ka aiko."

Shekara biyu ke nan. Yana zaune a wata rumfar kwano da ya jingina da katangar daga ciki, kuma duk wanda ya tambayi ina matarsa sai ya ce ziyara ta je. Da kansa yake dafa shayinsa da safe, kuma har yau sai ya jera kofi biyu kafin ya tuna.